Furokariyot da yukariyot: yadda za ka gane bambancinsu da albasa, kindirmo da cikin kumatunka

Duk lokacin da WAEC ko NECO ta matso sai yara su dinga turo min saƙo, malam dan Allah a ba mu teburin bambancin furokariyot da yukariyot mu haddace. Teburin ba wani abu bane, layi bakwai ko takwas ne, matsalar kawai ita ce abinda aka haddace ba a gane ba shi ke fara guduwa a ɗakin jarrabawa, sai kaga yaro ya rubuta wai bakteriya tana da mitokondiriya, ko kuma yis ɗin da ake kwaɓa fanke da shi wai furokariyot ne tunda sel ɗaya ne, sel kuwa shine ƙaramin tubalin da aka gina jikin kowane mai rai da shi. Toh ni abinda nake so ka riƙe tambaya ɗaya ce tak: DNA ɗin wannan sel, wato zaren da ke ɗauke da bayanan gado, a cikin ɗaki yake an zagaye shi da tantani, ko a fili yake zube? In an rufe shi a ɗaki yukariyot ne, in a fili yake furokariyot ne. Kusan duk sauran bambance-bambancen daga nan suka rataya. Bari mu bi shi daki-daki, kuma da ido za mu gani ba da hadda ba.

Mataki na farko, fasa sunan tukuna

Kalmomin nan biyu daga harshen Girkanci aka ɗauko su. "Kariyon" ƙwaya ce ta cikin ɓawo, kamar ƙwayar gyaɗa a cikin ɓawonta, kuma da ita ake nufin nukiliyas, wato ɗakin da DNA yake zaune. "Furo" na nufin kafin, "yu" kuma na gaske ko mai kyau. Kenan furokariyot shine wanda ya zo kafin a samu ƙwaya, yukariyot kuma mai ƙwaya ta gaske. Wani masani Bafaranshe Édouard Chatton ne ya fara amfani da sunayen, amma sai a 1962 da Roger Stanier da C. B. van Niel suka yi rubutu akan me ake nufi da bakteriya sannan rabon ya zauna daram a littattafai. Shi kansa sel tun 1665 Robert Hooke ya gan shi a Ingila cikin ɓawon wata bishiya ya ce kamar ƙananan ɗakuna, sannan Antonie van Leeuwenhoek, wani mai sayar da yadi a garin Delft na Holan, ya ga bakteriya da gilashin da ya goge da hannunsa, har daga dattin haƙoransa ya kankaro ya duba a 1683. Kaga kenan abinda za mu yi nan gaba da cikin baki ba sabon abu bane.

Misalin da nake ba ɗalibaina kullum shine ɗakin gwauro da gidan mai iyali. Gwauro ɗaki ɗaya gare shi, nan katifa, nan risho, nan takardunsa na makaranta a yashe a kusurwa, komai a wuri ɗaya kuma rayuwa na tafiya lafiya lau. Wannan shine furokariyot. Gidan mai iyali kuwa akwai turaka inda maigida ke kulle takardun gida, akwai madafa, akwai rumbu, akwai inda janareta yake, kowanne da bangonsa da ƙofarsa. Wannan shine yukariyot, turakar ita ce nukiliyas, ɗakin janareta shine mitokondiriya. Amma fa kada ka raina gwauro, shi ya riga kowa zuwa unguwar, furokariyot sun fi shekara biliyan 3 a duniya kuma har yau sun fi kowa yawa.

Mataki na biyu, raba abubuwan da ke gidanku gida biyu

Kafin ka taɓa madubin likita, wato maikuroskof, ɗauki biro ka ja layi a tsakiyar takarda. A hagu rubuta furokariyot, kuma gida biyu ne kawai ke shiga nan, bakteriya da akiya. Bakteriyar da ke sa madara ta yi tsami ta zama kindirmo, wadda ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa, wato Bacillus subtilis, wadda ke zaune a ƙulle-ƙullen saiwar wake da gyaɗa tana ɗauko wa shuka sinadarin naitirojin daga iska, da masu kawo taifot, kwalara da tarin fuka, duk nan suke. Su akiya kuwa sai a 1977 Carl Woese a Amurka ya nuna cewa ba bakteriya bane duk da a ido kamarsu ɗaya, wasunsu na cikin tumbin shanu suna fitar da iskar methane, wasu a ruwan gishiri mai tsanani ko maɓuɓɓugar ruwan zafi.

A dama kuma sai duk sauran masu rai. Kai kanka, akuyar gidanku, dawa, gero, albasa, funfunar da ke fitowa a burodi in ya kwana uku, yis, amiba, da ƙwayar cutar maleriya. Lura da na ƙarshen nan sosai, yis da amiba da ƙwayar maleriya kowannensu sel ɗaya ne amma yukariyot ne cikakku masu nukiliyas. Sel ɗaya ba shi ke nuna furokariyot ba, anan ne rabin aji ke faɗuwa.

Mataki na uku, albasa

Abinda kake buƙata: albasa, reza ko ƙaramar wuƙa, silaid na gilashi da murfinsa siriri, ruwa, aidin, da maikuroskof na makaranta. Na san akwai makarantun da na'urar tana kulle a kabad tun da aka kawo ta ba wanda ya taɓa, ni ma wadda na yi sai a aji na ƙarshe na fara sa ido a ciki, toh ka je ka roƙi malamin bayoloji da ladabi, yawancinsu daɗi suke ji in ɗalibi ya nema da kansa.

Yanka albasar, ɓare ɗaya daga cikin ɓangarorinta masu kauri, a cikin kwarminsa akwai wata fata siririya kamar leda, ita muke so. Ɗago ta a hankali, yanki ɗan ƙarami bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, shimfiɗa shi akan ɗigon ruwa a silaid kada ya naɗe, ɗiga aidin ɗigo ɗaya, sannan ka ɗora murfin a karkace kana sauke shi sannu sannu dan kada kumfa ta maƙale a ƙasa. In ka ga wasu zagaye masu baƙin baki masu kauri toh kumfar iska ce ba sel ba, na sha ganin yara sun zana ta da kyau har da suna a gefe.

Fara da ƙaramin gilashi na ×4, murɗa babban abin juyawa har hoto ya fito, sai ka koma ×10 sannan ×40, kuma daga ×40 ƙaramin abin juyawa kaɗai za ka taɓa in ba haka ba za ka fasa silaid. Lissafin girman mai sauƙi ne, lambar gilashin da kake sa ido, wanda yawanci ×10 ne, sau lambar na ƙasa, kenan 10 sau 40 ya ba ka 400. Abinda za ka gani kamar jerin bulo ne a katanga. Layin da ya zagaye kowane bulo shine bangon sel na selulos, a cikin kowanne kuma akwai wani ɗigo zagayayye da aidin ya rina ya fi sauran duhu, sau da yawa an ture shi gefe saboda babbar jakar ruwa, wato bakiyul, ta cika tsakiya. Wannan ɗigon shine nukiliyas. Ka gan shi da idonka, albasa yukariyot ce, shikenan. Kada ka tsaya neman kulorofilast, wato koren ɗakin da tsiro ke haɗa abinci da hasken rana a ciki, anan ba za ka samu ba, kan albasa a ƙasa yake girma ba ya ganin rana. In kana so ka gan shi ɗebo gansakukar nan mai zare-zare ta kududdufi, in ka dace da sifirojaira za ka ga koren abu ya murɗe a cikin sel kamar igiya.

Mataki na huɗu, cikin kumatunka

Wannan ya fi min kowanne daɗi saboda a silaid ɗaya kake iya ganin duka biyun. Ɗauki auduga mai tsinke sabuwa fil, goga cikin kumatunka a hankali, ba kankara za ka yi ba balle jini ya fito, shafa a silaid, ɗiga shuɗin metilin, rufe da murfi. Audugar kuma a jefar da ita nan take, ba a ba wani ya sake amfani da ita, kuma ka kula shuɗin nan in ya taɓa farin yunifom sai dai haƙuri.

A ×400 za ka ga wasu faffaɗan abubuwa marasa tsayayyar siffa kamar ƙwai da aka fasa a kasko, da ɗigo mai shuɗi sosai a tsakiya. Sel ɗinka kenan, ba bango sai tantani kawai shi yasa ba su da kusurwa irin na albasa, faɗin kowanne ya kai wajen maikuromita 50 zuwa 60. Maikuromita ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Yanzu ka ƙura ido a saman sel ɗin da gefensa, sau da yawa za ka ga wasu ɗige-ɗige ƙanana ƙwarai, wasu a jere kamar carbi wasu kamar guntayen sanda. Bakteriyar bakinka ce, kuma ba rashin goge baki bane, kowa na da ita. Kwatanta su da nukiliyas ɗin da ke kusa, za ka ga ita bakteriyar gaba ɗayanta ba ta kai nukiliyas ɗin kaɗai girma ba. Ga bambancin girma nan a gabanka: yawancin furokariyot daga maikuromita 1 zuwa 5 ne, E. coli, wata bakteriya da ke zaune a hanji, tsawonta wajen 2, yawancin sel na yukariyot kuma daga 10 zuwa 100.

Kuma girman nan yana da dalili. Gwauro in yana son gishiri miƙa hannu kawai zai yi, haka abinci da iska ke ratsa ƙaramin sel da kansu su kai ko'ina cikin ƙiftawar ido. Gida in ya yi girma dole a raba ɗakuna a nemi ɗan aike, shi yasa yukariyot ke da su endofilasmik retikulum da golgi masu haɗa kaya da tura su, da hanyoyi na zare a ciki da kayan ke bi.

Mataki na biyar, kindirmo

Ɗigo ɗaya ƙarami, gauraya da ɗigon ruwa, baza shi siriri sosai a silaid har kana iya ganin rubutu ta cikinsa, bar shi ya bushe da kansa, wuce da bayan gilashin ta saman wuta sau biyu ko uku da sauri dan abin ya manne, ba gasa shi za ka yi ba. Zuba shuɗin metilin ka bar shi kamar minti ɗaya, ɗauraye da ruwa kaɗan kaɗan, bar shi ya bushe. Duba a ×400, in kuma akwai gilashin ×100 da man da ake ɗiga masa toh ka samu ×1000. Za ka ga sanduna da ƙwallaye a sarƙe, shuɗin ya kama jikinsu gaba ɗaya bai ɗaya, ba wani ɗigo na daban a tsakiya. Fararen ramukan da ke tsakani maiƙo ne. Wani lokaci a nonon da aka saya a ƙwarya za ka ci karo da wasu manya masu siffar ƙwai da ɗan ƙari a gefe kamar suna goyo, wannan yis ne yana tsiro, yukariyot a tsakiyar furokariyot.

Gaskiya ɗaya da ya kamata in faɗa maka, maikuroskof mai amfani da haske ba ya iya rarrabe abinda ya gaza maikuromita 0.2, dan haka rashin ganin nukiliyas a abu ƙarami haka shi kaɗai ba hujja bace cikakkiya, na'ura mai amfani da elektoron ce ta tabbatar da cewa babu shi ɗin da gaske.

Mataki na shida, abubuwan da ido ba zai kai ba

Anan ne teburin naka zai fito, amma ka gina shi daga tambayarmu ta farko. DNA na bakteriya yawanci zobe ɗaya ne a dunƙule a wani fili da ake kira nukiliyoid, ba tantani, sannan akwai ƙananan zobba da ake kira filasmid waɗanda suke iya miƙa wa juna, kuma ta nan ne sau da yawa dabarar jure wa magani ke yaɗuwa a tsakaninsu. Na yukariyot dogayen zare ne masu farko da ƙarshe an naɗe su a jikin furotin mai suna histon, su ake kira kuromosom, mu mutane guda 46 gare mu. E. coli haruffan DNA ɗinta wajen miliyan 4.6 ne, namu wajen biliyan 3 a kowane saiti.

Tunda babu bango tsakanin DNA da sauran sel a bakteriya, ana cikin kwafo saƙo daga DNA raibosom ya riga ya kama bakin saƙon ya fara haɗa furotin, girki da ci a wuri ɗaya. A yukariyot sai an gama kwafi a cikin nukiliyas, an gyara, an fito da shi ta ƙananan ƙofofi sannan aiki ya fara. Raibosom kuwa duka biyun suna da shi, kada ka kuskura ka rubuta furokariyot ba shi da shi, bambancin girma ne, nasu 70S namu 80S. Na 70S haɗin 50S da 30S ne, na 80S haɗin 60S da 40S, eh na san lissafin bai fita ba, S ɗin saurin nutsewa yake aunawa a injin juyi ba nauyi ba, dan haka ba a tara shi kamar kuɗi. Abubuwa huɗu ne kowane sel ke da su ko wane iri ne: tantanin waje, saitofilazim wato ruwa mai kauri da ya cika cikin sel, raibosom da DNA.

Bango: na bakteriya feftidogilaikan ne, na tsiro selulos, na funfuna kaitin, dabba babu. Rabuwa: bakteriya kwafe zobenta take ta tsage biyu kawai, E. coli in ta samu abinci da ɗumi yadda take so minti 20 ya ishe ta, ka lissafa da kanka, guda ɗaya a awa 6 ta ninka sau 18, ta zama 262,144, shi yasa miyar da ta kwana a zafin watan Afrilu ba a ɗumama ba take wayar gari da tsami. Yukariyot sai ya bi ta maitosis, wato rabuwa mataki-mataki da ke raba kuromosom daidai gida biyu, ko mayosis in ƙwayar haihuwa za a yi. Ko wutsiyar iyo ma ba iri ɗaya bace, ta bakteriya juyawa take kamar farfela, ta yukariyot irin ta maniyyi kaɗawa take kamar bulala.

Sai labarin da ya fi komai ban mamaki a wajena. Mitokondiriya da kulorofilast suna da nasu DNA ɗan zobe, da nasu raibosom mai kama da na bakteriya, da tantani biyu, kuma tsagewa biyu suke yi. Lynn Margulis ta kafe a 1967 cewa asalinsu bakteriya ne da wani sel ya haɗiye bai narkar ba suka zauna tare, an daɗe ana mata musu, yanzu kuwa shine abinda masana suka yarda da shi. Wato janaretan gidan mai iyali asalinsa wani gwauro ne da ya zo baƙunta ya zauna.

Mataki na bakwai, tarkunan da ake ɗana wa ɗalibai

Jan sel na jinin mutum in ya balaga ba shi da nukiliyas, amma ba furokariyot bane, da shi aka haife shi a ɓargo daga baya ya fitar dan ya samu wurin ɗaukar iska. Bairos kuma, irin na kyanda ko mura, ba sel bane sam, ba ya shiga hagu ba ya shiga dama. Maikofilazma bakteriya ce amma ba ta da bango. Ƙwayar kwalara kuromosom biyu gare ta ba ɗaya ba. Girma ma yana yaudara, akwai Thiomargarita namibiensis da aka samo a laka ta gaɓar tekun Namibiya, tana iya kai kashi uku cikin huɗu na milimita, ido tsirara yana ganinta kuma bakteriya ce. Shi yasa in kana rubutu ka dinga sa "yawanci". Sannan ga sifirulina, koren abin nan da matan Kanembu ke tacewa daga tafkuna masu kanwa a yankin tafkin Chadi su shanya shi ya zama dihe a sa a miya, ana ce masa gansakuka amma sayanobakteriya ce, furokariyot, tana haɗa abinci da hasken rana ba tare da kulorofilast ba. Sifirojaira yukariyot, sifirulina furokariyot, sunan ya yi kama, ka kiyaye.

In aka ba ka hoto a jarrabawa aka ce wane iri ne, fara neman nukiliyas. In babu, duba ko akwai mitokondiriya ko wani abu mai tantani a ciki, in shi ma babu kuma ga zare a cukurkuɗe a tsakiya toh furokariyot ne. In akwai nukiliyas sai ka duba bango, da bango da kulorofilast tsiro ne, ba bango yawanci dabba ce. Wajen rubuta bambanci kuma kowane layi ya zama abu ɗaya ake kwatantawa a ɓangarorin biyu, kada ka sa girma a hagu ka sa bango a dama, mai maki ba zai ba ka komai ba.

Kuma abin nan bai tsaya a takarda ba, yana nan a kemis ɗin unguwarku. Fenisilin da amoksisilin bangon feftidogilaikan suke hana ginuwa sai bakteriya ta fashe, sel ɗinka ba shi da wannan bangon shi yasa kai ba ya fasa naka. Tetirasaikilin da eritiromaisin raibosom na 70S suke toshewa su bar na 80S. Taifot bakteriya ce ke kawo shi, maleriya kuwa Plasmodium ne, yukariyot, ba shi da bangon da amoksisilin zai kama, mura kuma bairos ce ba ta da bangon ba ta da raibosom, toh mai haɗiyar kafso duk lokacin da jikinsa ya yi zafi ba tare da gwaji ba bakteriyar cikinsa kawai yake koya wa juriya. Wani zai ce ai malam ana ba matafiya doksisaikilin dan rigakafin maleriya, haka ne, kuma dalilin yana komawa kan maganar Margulis, a cikin Plasmodium akwai wani ɗan ɗaki da ake kira afikofilast wanda asalinsa daga bakteriya yake kuma har yanzu da raibosom irin nasu yake aiki, shi maganin ke bugu. Aikinsa a hankali yake, dan haka ba a dogara da shi shi kaɗai ga wanda zazzaɓin ya riga ya kwantar.